Rufin yadi ba koma baya ba ne

Mai wani labari da na karanta ya ce wai komawa rufin yadi a motocin alfarma masu buɗaɗɗen sama koma baya ne, gaskiya ban yarda ba sam. Rufin ƙarfe mai naɗewa shi ya ɓata bayan motoci da yawa, don sai an kumbura but ɗin kafin ya shiga, ga nauyi ga cinye wurin kaya, alhali motar doguwar tafiya ce, ina za ka sa jakunkunanka? Ku duba Ferrari ma, Portofino rufin ƙarfe ne da ita amma da suka fito da Roma Spider a 2023 yadi suka sa, kuma ka kalli bayanta yadda ya zauna ɗas. Mercedes ma haka suka yi da sabuwar SL bayan kusan shekara 20 suna kan ƙarfe, kenan duk injiniyoyinsu basu san me suke ba? Shi kuma ɗan uwan da ya yi sharhi a kan labarin yake cewa ba kamar Bentley Continental GTC a kyau, to cikinta kam ba magana, fata da katako sun ji aiki, amma daga waje ta cika jiki wlh, nauyinta ya haura tan 2 kuma ido na ganin hakan. Ni dai a ajiye min Aston Martin DB12 Volante ko Lexus LC 500 da ba a cika zancenta ba don kawai tambarin Lexus ne a gabanta. In rufin na rufe wace ce a cikinsu take riƙe kyanta, me ya sa labarin bai taɓo nan ba?