Kujerar da Ka Tashi a Kanta Cikin Fushi

'Yan uwana matasa, zan ɗauko muku labari daga nesa, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A arewacin Kosobo, can Turai, akwai ƙananan hukumomi huɗu da mafi yawan mazaunansu Sabiyawa ne, 'yan ƙabilar maƙwabciyar ƙasa Sabiya: Mitrobica ta Arewa, Zubecan, Zubin Potok da Leposabic. A watan Nuwamba 2022 rigima ta yi tsanani tsakaninsu da gwamnatin Kosobo da ke Firishtina kan lambar mota, wato su cire lambar da Sabiya ta ba su su sa ta Kosobo. Sai ciyamomi, kansiloli, alƙalai da 'yan sanda Sabiyawa suka ajiye aiki rana tsaka. Hukumomin suka rushe, dole a yi zaɓe kafin lokacinsa. Aka sa Disamba, aka ɗaga zuwa 23 ga Afrilu 2023.

Babbar jam'iyyarsu ta ce kowa ya zauna gida, suka kuwa zauna. Cikin mutum kusan dubu 45 da ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba. A wasu wurare ma cikin kwantena aka jefa ƙuri'a. To me ya faru? Doka ba ta ce sai an cika wani adadi ba. Aka ƙirga abin da aka samu, Albaniyawa marasa rinjaye a yankin suka lashe kujerun huɗu, wani da ƙuri'a ɗari da 'yan kai ya zama ciyaman! Da aka zo shigar da su ofis a ƙarshen Mayu, waɗanda suka ƙi fitowa layi suka fito titi. A Zubecan aka yi arangama, sojojin NATO da dama suka jikkata, masu zanga-zanga ma haka. A Afrilu 2024 aka ba Sabiyawan damar tsige ciyamomin ta ƙuri'a, nan ma suka ƙaurace.

Ban ce ba su da abin kuka ba. Rigimarsu tsohuwa ce, da jini a cikinta, kuma ba ni zan raba musu gardama ba. Abin da nake nuna muku shi ne, fushinsu bai hana a rantsar da kowa ba.

Mu dawo gida. Ran zaɓen shugaban ƙasa kuna rumfa tun asuba, amma ran na ƙaramar hukuma kuna majalisa ana shan shayi, ana cewa "ai an riga an rubuta". Na san ana rubutawa, ba yaro ba ne ni. Hukumar zaɓen jiha gwamna ne ke naɗa ta. Sai dai mai rubutun ya fi samun sauƙi in ya tarar da rumfa wayam, ba wakili, ba mai ɗaga waya ya ɗauki hoton takardar sakamako. Shekara da shekaru gwamnoni na rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma kantoman riƙo ba shi da hurumin karɓa.

Kuɗin nan na famfon unguwarku ne, da kwatar da ke cika duk damina, da asibitin sha-ka-tafi da ƙanwarka ke zuwa awo. Kai da ka haddace sunayen ministoci, don Allah wane ne kansilan mazaɓarka?

Su can Sabiyawan, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoba 2025 suka karɓe kujerunsu ta akwati, bayan fiye da shekara biyu wasu na sa hannu a madadinsu.