Bushewar mota ba ta goge tarihin ambaliya

Abin da ke damuna da masu sayar da tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin inji a intanet shi ne ganin cewa in mota ta bushe, inji ya tashi, ba sai an ambaci ambaliya ba. Da gaskiyarsu, a ido ba a ganin komai.

Amma ruwa yakan kwanta cikin shasi da wayoyi, tsatsa kuwa daga ciki take ci, sai bayan watanni ta bayyana. Ɗauki mota Mustang ƙirar 1967 da ta nutse a birnin Houston na Amurka lokacin guguwar Harvey a 2017. Rahoton Carfax, kamfanin da ke ba da tarihin motoci, ba zai nuna ba, domin daga motocin 1981 yake farawa. Mai saye da maganar mai sayarwa kaɗai ya dogara, kuma a Amurka wanda ya sani ya musanta, ana iya tuhumarsa da zamba.