Wai a gina mana tashar dizal a Gusau

Jiya a majalisarmu bayan isha'i wani ɗan boko ya tsaya yana ta zuba, wai maganin duhun Zamfara shi ne a gina mana ƙatuwar tashar lantarki mai shan dizal mu huta da jiran wuta daga nesa. Har tafi aka yi mishi. To sannu injiniya! Shi dizal ɗin daga sama zai riƙa zubowa ko?

Ku dubi Gaza mana. Tasharsu guda ɗaya tal, a Nusairat, ta fara aiki a 2002, an gina ta don megawat 140 amma kullum tafiyar gurgu ta riƙa yi saboda ƙarancin mai. A Yunin 2006 jiragen Isra'ila suka ragargaza taransifomominta 6, aka lallaɓa aka gyara, a Yulin 2014 aka sake harbin tankin manta ya yi ta ci da wuta, nan ma aka tashe ta. Ranar 11 ga Oktoba 2023 kuwa ko harsashi ba a ɓata a kanta ba, mashigan Gaza kawai aka rufe, mai ya ƙare, injuna suka yi tsit. Wanda ya riƙe hanya shi ke riƙe da makunnin wuta, shi kenan magana.

Mu kuma wa ke riƙe da hanyarmu? Direban da ke karanta duk addu'ar da ya sani tsakanin Funtua da Tsafe, shi za ka ce ya riƙa jigilar tanka kullum? Na san za ku ce a haɗa su da rakiyar sojoji. Haba dai, mu bar wanga zance. Kun manta 2021 da aka hana saida mai a jarka? Mai markaɗen layinmu mako biyu injinsa na rufe da buhu, mata suka koma turmi, ni da idona na ga Inna tana daka tana share zufa da bakin zane, wallahi sai da raina ya ɓaci. Wannan fa ɗan inji ne ƙwaya ɗaya, ina ga na gari sukutum.

Hanya dai, hanya. A gyara tsaronta tukuna.