Gurmi da Makaɗiyar Cikin Akwati

Jika ya zaunar da Kaka Mai Gurmi gaban makirufo a wani ɗakin ɗaukar sauti na Yamai, ya miƙa masa abin sawa a kunne.

"Wannan ai takunkumin raƙumi ne, ni kuwa ban taso daga Tawa domin a ɗaure mini kai ba."

"Kaka, da shi za ka ji gangar da kwamfuta za ta raka ka da ita."

"Ta raka ni? Ɗiyar gidan wa ce? Wa ya koya wa ubanta kiɗa?"

"Ba ta da uba, Kaka."

"Na ji a jikina, domin tun shigowata ba ta gaishe ni ba."

Jika ya haɗiye, ya ce waƙar minti 3 za ta yi.

"A minti 3 ban gama gyaran murya ba, balle in kai ga kirarin kakana na bakwai." Wanda ya taɓa zama gidan biki da Kaka ya san ba ƙarya ya yi ba, domin tuwo yakan huce kafin a iso na huɗu.

"Ka dubi Mdou Moctar, ɗan jiharku ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau ga shi har Amurka yana wasa."

"Mai keken fa? An biya shi, ko har yanzu da ƙafa yake tsayawa?"

"Gasar Ɗan Gurmu ma ta kiɗan zamani ce."

"Gasar da ba a gayyace ni ba taron suna ne."

Da ƙyar ya ɗora yatsa kan tsirkiya, kwamfuta ta shigo da dukanta. Ba a yi rabin minti ba aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba da zarar zafi ya kama, sai takardar biya ce ba ta taɓa makara ba. Gurmi ya ci gaba cikin duhu har kakan na bakwai.

"Ina makaɗiyar taka?"

"Ba wuta, Kaka, kuma ba a ɗauki komai ba."

"Wannan tsakaninku ne. Tun da ni na yi aikinta, a haɗa mini kuɗinta da nawa."