Maimaita kiɗanka daban, ɗaukar na wani daban

Ni fa ban yarda da wani marubuci ba da ya haɗa mai maimaita kiɗansa da mai ɗaukar na wani ya kira su duka ɓarayi. Hujjarsa wai a 1973 an cire Nino Rota, mai haɗa kiɗan fim ɗan Italiya, daga takarar kyautar finafinai ta Oscar saboda an gano kiɗan soyayyar da ya sa a fim ɗin The Godfather tun a fim ɗin Fortunella na 1958 ya yi shi. Haka ne, amma don me bai ƙarasa labarin ba? Bayan shekara biyu an ba shi kyautar a kan kashi na biyu na The Godfather. Mutumin da aka ba 'yan makonni ya haɗa kiɗan fim sukutum, ga darakta ya riga ya ɗora kiɗan wucin gadi a kan hotuna yana cewa "irin wannan nake so", ai dole ya leƙa tsohon rumbunsa. Wanda kuma ke cewa aron kiɗan wani ba komai ba ne, ya tambayi Bappi Lahiri, mai haɗa kiɗan finafinan Indiya. Da aka yanki kiɗansa aka sa a wata waƙar Amurka mai suna Addictive ta 2002 ba sunansa, kotu ya garzaya a Amurka, aka tsayar da sayar da ita sai an rubuta sunan, duk da shi ma an sha zarginsa da kwashe na Turawa. Ranar nan a shagon caji na ji wata waƙar fim ɗin Hausa, tun kafin mawaƙiyar ta buɗe baki mai shagon ya fara rera ta Indiyancin. Wa aka rubuta a matsayin mai kiɗan?