Ranar da kwamfuta ta tona mini asiri a gaban Kawu

Kawuna dillalin albasar Galmi ne a nan Tawa, kuma da dala yake lissafi: sefa biyar dala guda, sefa dubu jaka guda. Masu saye daga Abijan kuwa da sefa suke aiko saƙo. Ganin yadda yake fama, na rubuta masa ƴan layuka a Python, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, masu mayar da sefa dala. Duk sabon shirin da na fara, na bashi ne ko na kuɗin mota, sai in kwafo layukan nan in liƙa.

Wani abokina a fada ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ai ɗiban ruwa da kwando ne. Zuba su a fayil guda, ka kira shi kudi.py, inda duk kake so ka rubuta import kudi." Wai wannan shi ne modul. Na yi, ya kuma yi aiki. Daren nan har shayi na saya wa fada.

To, mai rubutu yakan gwada abinsa. A ƙarshen fayil ɗin na sa layin gwaji, don in tabbata print, wato umarnin da ke nuna rubutu a allo, na fitar da magana. Abin da ya zo mini a rai shi na rubuta, domin tun sallah ƙarama Kawu yake mini alkawarin kuɗin mai.

Washegari na buɗe kwamfuta a rumfarsa, abokan cinikinsa sun kewaye mu. Ashe idan ka ce import, Python ba ta tsintar abin da ka nema kawai, sai ta bi fayil ɗin tun daga sama har ƙasa ta aikata kome. Kafin lissafi ya fito, ga rubutu ɓaro-ɓaro: KAWU MAROWACI NE.

Kawu bai yi lakwal ba, amma ya yi yaƙi da jahilci. Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali, da ƙarfi kuma.

"Ɗana, wa ya gaya mata?"

Na ce, "Kawu, ƙwayar cuta ce."

Maganin layi guda ne, in ji abokin nawa bayan ya gama birgima: if __name__ == "__main__": duk gwajin da ke ƙarƙashinsa ba ya motsi sai ka kunna fayil ɗin kansa.

Lissafin dai ya fito daidai, sefa 7500 dala 1500. Kawu ya ce na'urar ta iya aiki, tarbiyya ce babu. Yanzu kullum sai ya sa na buɗe ta, ko za ta faɗi wani abu a kan maƙwabcin rumfarsa.