Badalarmu sa'ar fadarsu ce, amma na kasa nuna hotonta

Asabar ɗin da ta wuce na kwashi iyali muka tafi Leeds Castle. Kada sunan ya ruɗe ku, ba a birnin Leeds take ba. A yankin Kent take, kusa da Maidstone, awa ɗaya da 'yan kai daga Landan a mota. Kuɗin shiga ya ciji aljihu, sai dai tikitin na shekara guda ne, ka yi ta komawa in kana da man mota.

Daga bakin ƙofa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ginin. Filin ya kai eka 500, ciyawa an aske ta kamar darduma, ƙorama na bin gefen hanya, ga wasu baƙaƙen agwagi masu dogon wuya da jan baki suna yawo abinsu, babu yaro ko ɗaya da gwafa. Can sai fadar ta ɓullo, zaune a kan tsibirai biyu a tsakiyar tafki. Akwai wani surƙuƙin shinge da aka dasa da itatuwa 2,400 don kawai mutum ya shiga ya ɓata. Mun kuwa ɓata, muna ta zagaye wuri guda, 'ya'yan Turawa a kan tudun tsakiya suna nuna mana hanya suna dariya. Har ɗakin tarihin sarƙar wuyan karnuka gare su, wasu sun shekara ɗari biyar. Uwargida ta ce, "Ikon Allah, har kare ma ya samu mai tuna shi."

A cikin fadar ne abin ya same ni. Wata tsohuwa mai aikin sa kai tana ba mu labari: an fara ginin dutse a nan a 1119, daga baya Sarki Henry na Takwas ya gyara wurin saboda matarsa ta fari. Ta tambaye ni daga ina. Na gyara tsayuwa na ce Kano, kuma badalarmu a zamanin Sarki Gijimasu aka sa harsashinta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, wato sa'ar wannan fadar taku ce. Matar ta yi murna ƙwarai, ta ce in nuna mata.

Na zaro waya na nema. Hoton farko tudun jar ƙasa ne da akuya a kai. Na biyu, bola da leda har gindin kududdufi. 'Yata mai shekara tara ta leƙo ta ce, "Abba, ina ganuwar take?" Sai na ce wa tsohuwar sabis ne babu kyau, na mai da waya aljihu.

Ina da uzurin da zan kawo, kuma na yi ta jera su a raina. Su da dutse suka yi gini, mu da tubali, kuma ruwan Agusta ba ya raga wa ƙasa. Sannan babban ɓangaren da ake ɗauka a hoto ba na 1119 ba ne, a 1823 aka kammala shi, da kuɗin filayen da masu gidan suka sayar a Virginia ta Amurka. Wadda ta ƙawata shi a ƙarshe, Lady Baillie, a 1926 ta saya da dukiyar gadon dangin uwarta Amurkawa, da ta rasu a 1974 ta bar shi a hannun gidauniya. Mai abin hannu shi ke adana tarihi. Kuma fadar tasu babu rai a cikinta: ba sarki, ba dogari, ba tambari, gado ne da kujeru an kewaye da igiya. Gidan Rumfa kuwa har gobe da mutane a ciki.

Duk da haka uzurin bai riƙe ni ba. Masallacin Djenné a Mali da ƙasa aka gina shi, kowace shekara gari ke fitowa gayya a yaɓe shi. Hasumiyar Agadas ƙasa ce, tana nan tsaye, tsohon garin ma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. Mu kuwa a 2010 aka tashi Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka mai da wata sabuwa a gurbinta. Badala mu ne muka ɗebe ta tifa-tifa muka yi gini, mu ne muka yanka ta filoti. Bature ya shigo da igwa a 1903 bai iya cinye ta ba, mu muka ƙarasa masa aikin da shebur.

A hanyar dawowa ina wannan faɗan a mota, uwargida ta yi shiru, sannan ta ce, "Wa ya aika kuɗin rushe soron Malam?"

Ni ne. Shekara biyar ke nan Baffa ya kira ya ce azarar soron kakanmu ta fara lanƙwasa, ana son magini ya zo a canja ta a yi yaɓe da makuba kafin damina. Na ce, "Baffa, wahalar kowace shekara ta isa, a sauke shi kawai a sa bulo da kwano." Har ina jin na yi abin kirki. A zauren nan na yi karatun allo, sanyinsa da rana tsaka ko a watan Afrilu ba ka neman mafici. Shagon da aka yi a wurin yanzu, mai hayar ma a waje yake wuni saboda zafi.

Ran Lahadi na kira Baffa na tambaya ko akwai mai hoton soron. Ya yi dariya ya ce, "Hoton me, ɗana? Ƙyauren ne kaɗai ya saura, yana jingine a bayan gida." Na ce don Allah a killace mini shi, kada a taɓa.

Ya ce, "To, a killace rabin. Ɗaya rabin an yi girkin suna da shi bara."